Laifin Noti, Hukuncin Ƙwaƙwalwa

Mutum ya yi makonni yana jiran kaya daga China, ya raba dare yana liƙa wayoyi da dalma, ya haɗa ƙaramin jirginsa maras matuƙi mai farfela huɗu. Ranar gwaji ya fita fili, ya tura sandar wuta, jirgin ya ɗaga da ƙyar ya kife da baya. Ko kuma injina uku su tashi lafiya, na huɗun ya tsaya yana kakkarwa. Kafin ƙurar ta lafa masu shawara sun yanke hukunci: ƙwaƙwalwar ce ta lalace. A sayi sabuwa, ko a sake loda mata manhaja, ko a kwafo saitin wani gwani a zuba mata.

Duk wanda ya taɓa kai mota gareji ya san wannan hukunci, domin shi ne wanda bakanike ke yankewa a kan ƙwaƙwalwar mota idan ya gaji da bin waya. Lalaci ne da aka yi wa rawanin ilimi, kuma a harkar ƙananan jirage ya samu masu goya masa baya: mai sayar da kaya da ba ya cin riba daga bincike, da mai bidiyon koyarwa da ke samun la'ada duk lokacin da aka sayi abin da ya tallata.

A dubi yadda aikin ya rabu. Allon sarrafa tashi, wanda ake kira ƙwaƙwalwa, ba ya juya inji. Yana ɗauke da wata na'ura mai jin motsi da ake kira jairo, yana karanta ta sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, sannan ya aika umarni. Wanda ke ɗaukar nauyin wutar shi ne ESC, wato allon da ke karɓar umarnin ya rarraba wutar batir zuwa wayoyi uku na kowane inji. Batir mai gida shida idan ya cika yana ba da volt 25.2, injin da aka rubuta masa 1750KV, a lissafin takarda, zai juya fiye da sau 44,000 a minti idan babu farfela a kansa. Injinan nan suna can ƙarshen hannuwan jirgin, su ne ke fara dukan ƙasa da bango da reshe. Ƙwaƙwalwa kuwa tana tsakiya, a kan matasan roba, tana shan wutar da ba ta taka kara ta karya ba. Wane hankali ne zai fara tuhumar wadda ke zaune a inuwa ya bar masu shan duka?

Kifewa a lokacin tashi ita ce ta fi jawo wa ƙwaƙwalwa sharri, alhali sau da yawa shaida ce cewa tana aikinta da gaske. Idan ta ji jirgin ya karkata dama, sai ta ƙara wa injinan dama ƙarfi don ya miƙe. To idan wayar da take zaton ta dama ce an haɗa ta da injin hagu, karkatar za ta ƙaru, ita kuma ta ƙara ƙarfi, cikin ƙiftawar ido jirgin ya juye. Haka yake faruwa idan inji yana juyawa ta inda bai kamata ba, ko an ɗaura farfelar hagu a gurbin ta dama, ko an kafa allon kibiyarsa na kallon gefe ba a sanar da manhajar ba. A tsarin Betaflight na asali, inji na 1 yana baya ta dama, na 2 gaba ta dama, na 3 baya ta hagu, na 4 gaba ta hagu. Tabbatar da wannan aikin minti biyar ne: a cire farfela, a haɗa jirgin da kwamfuta, a tayar da injinan ɗaya bayan ɗaya, a karkata jirgin da hannu a ga ko hotonsa da ke kan allo yana bin hannun. Wanda ya sayi sabuwar ƙwaƙwalwa ya mayar da wayoyin yadda suke, zai sake kallon kifewar da ya gani jiya, da kuɗinsa.

Batun cire farfela ba ƙa'idar ado ba ce. Shafin gwajin injina na Betaflight ba ya buɗewa sai mutum ya danna alamar cewa ya fahimci haɗarin kuma ya cire su. Farfela mai inci biyar tana yanka yatsa har jijiya, kuma jirgin da ke da matsalar da ba a gano ba shi ne ya fi iya zabura a kan tebur.

Inda ɗabi'ar saye kafin bincike ta fi yin ɓarna shi ne injin da ke kakkarwa. Irin waɗannan injina ba su da na'urar da ke gaya wa ESC inda maganaɗisunsu suke. ESC yana gane hakan ne daga 'yar wutar da ke dawowa ta wayar da bai ba wuta ba a wannan lokacin. Saboda haka waya ɗaya tak daga cikin ukun, idan dalmarta ba ta kama ba ko ta tsinke a cikin rigarta, ta isa ta sa injin ya riƙa rawa a wuri ɗaya. Akwai kuma abokin gaba da ya fi kowa ƙanƙanta: notin da ke riƙe inji a hannun jirgi. Idan ya ɗara tsawon da ya dace da milimita ɗaya ko biyu, sai ya ratsa gindin injin ya taɓa naɗin jan ƙarfe, ya kankare fentin da ke rufe shi. Jikin jirgin na kabon ne, kabon kuwa yana ɗaukar wuta. Daga nan inji ya fara zafi, ESC ya fara wahala, wata rana hayaƙi ya tashi.

Mai gaggawa zai ga ESC ya ƙone, ya sayi wani, ya liƙa shi da wannan injin mai rauni, sabon ma ya ƙone. Sai ya ce kayan jabu aka sayar masa. Da ya ɗauki mita ya auna tsakanin kowace waya da notin, da ƙarar mitar ta tona asirin tun kafin a jona batir. Ba a son a samu wata haɗuwa a wurin ko kaɗan. Tsakanin wayoyin uku kuwa, bayan an raba su da ESC, awon ya kamata ya zo daidai da juna. Sai gwajin da ya fi kowane sauƙi, wanda kuma aka fi gudu domin yana buƙatar a sake kunna ƙarfen dalma: bayan mita ta wanke injin, a musanya shi da na wani hannu. Idan matsalar ta bi injin, nasa ne laifin. Idan ta tsaya a hannun, a koma kan ESC da siririyar wayar umarni da ke tsakaninsa da ƙwaƙwalwa. Sai an wuce duk wannan kafin sunan ƙwaƙwalwa ya cancanci shiga tuhuma.

Ga mai tashi da jirgi a Kano ko Damagaram, ƙasa ma tana da nata hannun. Maganaɗisun inji suna tsince ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin yashi duk lokacin da aka sauka a fili, ƙurar hunturu tana shiga boris, zafin bazara kuma ba ya barin komai ya huce. Boris da ya ci ƙasa, ko sandar inji da ta ɗan lanƙwashe, ko farfelar da ta tsage, duk jijjiga suke haifarwa. Jairo yana jin jijjigar kamar motsin jirgi ne, ƙwaƙwalwa tana ta ƙoƙarin gyara abin da ba karkata ba ne, injina suna ɗaukar zafi. A nan ne gwanayen saiti ke shigowa da lambobinsu. Ƙara tacewa a manhaja yana iya ɓoye alamar, amma boris ɗin yana nan yana ci gaba da lalacewa, jirgin kuma ya zama mai nauyin amsa umarni. Juya kowane inji da yatsa a ji ko akwai mai gurzawa ya fi awa uku na sauya lambobi.

Za a ce ƙwaƙwalwa ma tana mutuwa. Gaskiya ne. Jairo yana lalacewa bayan mugun faɗuwa, sashen da ke rage wuta zuwa volt 5 yana ƙonewa, musamman a jirgin da ba a sa masa kafasita a bakin wayoyin batir ba. Za a kuma ce lokaci kuɗi ne, musanya kaya ya fi sauri. Wannan hujja tana da ƙarfi ga wanda kanti ke bayan gidansa. Ga wanda zai biya da dala, ya jira jirgin kaya, ya wuce kwastan, kuskuren zato ɗaya wata guda ne a ƙasa. Ko a inda kaya ke da araha ma, musanya ba ta koya wa mutum dalilin da ya sa na farkon ya mutu.

Abin takaicin shi ne wannan sha'awa daga masu bincike ta samo asali. A wajajen 2010 masu aikin MultiWii suna farke na'urorin wasan Nintendo Wii ne su ciro masu jin motsin da ke ciki su tashi jirgi da su. Daga wannan tushe aka samu Baseflight, sannan Cleanflight, sannan Betaflight a 2015. Manhajar da suka bari ba ta ɓoye komai. Idan jirgi ya ƙi kunnuwa, tana rubuta dalili ƙarara: sandar wuta ba ta ƙasa, ko jirgin ya karkata fiye da digiri 25, ko babu saƙo daga rimot, ko kuma kawai yana jone da kwamfuta. Tana iya adana bayanan duk abin da jairo ya ji da abin da aka umarci kowane inji a lokacin tashi. Mutane suna tsallake wannan rubutu su tafi sake loda manhaja, su goge saitin da suka yi kwanaki suna yi ba tare da sun adana shi ba, su wayi gari da matsala biyu.

Allon da ya mutu da gaske yana da alamunsa: manhajar ta daina ganin jairo, ko hoton jirgin ya ƙi motsi, ko kwamfuta ta kasa ganin allon ko an danne maɓallin da ke tilasta masa karɓar manhaja. Ko a wannan na ƙarshen ma, akwai allunan da aka jefa a aljihun tebur da sunan gawa, alhali kebul ɗin da aka gwada su da shi na cajin waya ne kawai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsa.