Katsina: Hamada Ce Tekunta, Raƙuma Ne Jiragenta

Wanda ya tashi daga Madarumfa ya bi ta Ɗan Isa ya ƙetare Jibiya, ba da jimawa ba zai isa birnin da ya taɓa riƙe ragamar fataucin ƙasar Hausa. Birnin Venis na Italiya ya yi arziki da jiragen ruwa. Ita kuwa Katsina da ayarin raƙuma ta yi nata.

Tun ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Korau, fatake da malaman Wangarawa suka kafu a birnin. Da sojojin Maroko suka karya daular Songai a 1591, sai hanyoyin ayari suka karkato gabas, Katsina ta zama babban zangon masu fitowa daga Tarabulus ta Gat da Agadas. Su sauke tufafi da takarda da gishiri, su ɗauki jemammun fatu da, abin takaici, bayi. A ƙarni na 18 babu kasuwar da ta kamo ƙafar tata.

To, me ya kada ta? A 1807 mayaƙan jihadi su Ummarun Dallaje suka ci birnin. Gidan sarauta ya yiwo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Daga nan sai hare-hare tsakanin ɓangarorin biyu, shekara da shekaru. Falke ba ya yada zango inda ake harbi, don haka ayari ya koma Kano. Da Bajamushen nan Barth ya iso a 1851, ya ƙiyasta mazaunan birnin ba su wuce 8,000 ba, gonaki sun cinye cikin ganuwa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta ƙarasa fataucin hamada, kamar yadda hanyar Indiya da Fotugal ta gano ta teku a 1498 ta fara rage wa Venis ƙarfi.

Alhazanmu da ma'aikatanmu, arzikin Maraɗi ma na hanya ne. Rufe iyaka a 2019 da 2023 ya nuna mana haka, ɓarnar ɓarayin daji a bakin iyaka ta ƙara tabbatarwa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 zai iya kawo ciniki, zai iya kuma wucewa da shi. Sai mu tsare hanya, mu kuma sarrafa albarkar gonakinmu, domin wanda ya dogara da kayan wucewa kaɗai, ran da hanya ta kauce ya tashi a tutar babu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.