Wa Ke Yi Wa Yaro Ta'aziyya?

Jama'a, akwai wani zalunci da muke yi, wanda ba a taɓa kai ƙararsa gaban alƙali ba. In aka yi rasuwa a Ajingi ko Gaya, maza su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata su cika tsakar gida, kwana uku ana karɓar gaisuwa. In magidanci ne, shari'a ta yanka wa matarsa takaba wata huɗu da kwana goma. In yaro ne, a gai da uba, a gai da uwa. To, ɗan'uwansa fa, wanda suke kwana tabarma ɗaya, suna cin tuwo akushi ɗaya? Shi ake aike ya ɗebo wa baƙi ruwa. In ya yi hawaye a daka masa tsawa, wai namiji ba ya kuka.

Wani mutumin Cadi, Mahamat-Saleh Haroun, ya lura da irin wannan yaro. A 2002 ya shirya wasan silima da Faransanci da Larabcin Cadi, ya sa masa suna Abouna, watau Ubanmu. Wa da ƙane ne, Tahir da Amin, suka wayi gari ubansu ya tafi ba sallama. Suka yi ta nemansa cikin Njamena. Da uwar ta rasa yadda za ta yi, sai ta kai su makarantar allo a ƙauye. Can ciwon fuka ya kashe Amin, ya bar wansa a baƙon wuri, ba uwa ba uba.

Wani zai ce ina ruwanmu da silimar Faransanci. Ashe ba daga ƙauyukanmu ake ɗaukar yara biyu-biyu a danƙa wa malami ba? In ɗaya ya dawo shi kaɗai, wa ke zaunar da shi ya tambaye shi abin da idonsa ya gani?

Wani kuma zai ce yaro mantuwa gare shi. Ƙarya ne. Shiru ya yi don ya ga ba mai saurare. Kukan da muke hana shi ma addini bai hana ba, gama Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi.

Mafi muni kuwa su ne masu ce wa yaro, "Ƙanenka ya yi tafiya." Sai ka gan shi ran kasuwa ya tsaya bakin hanya, yana leƙa kowace mota da ta tsaya.