Waiwaye: Sarkin Sifaniya, Ƙanwar Matarsa da Takardar Fafaroma

A watan Fabrairun 1570 Fafaroma Pius na Biyar ya sa hannu a wata takarda a birnin Rum, ya kori Sarauniyar Ingila, Elizabeth ta Farko, daga cocin Katolika. Bai tsaya nan ba, ya ce sarautarta ba halaliya ba ce, ya kuma sauke wa talakawanta nauyin yi mata biyayya. Mutum zai zaci wanda zai fi kowa murna shi ne Sarki Filib na Biyu na Sifaniya, tun da a zamanin babu sarkin Katolika da ya kai shi ƙarfi, ga azurfar Amurka tana kwarara cikin baitulmalinsa, ga shi kuma ya ɗauki kansa garkuwar addini. Ai kuwa sai ga shi ya ji haushi. Ba a shawarce shi ba, kuma ya hana a yaɗa takardar a ƙasashensa.

Ruwa ba ya tsami banza. Filib dai surukin gidan sarautar Ingila ne. A 1554 ya auri yayar Elizabeth, Sarauniya Mary, wadda ta mayar da Ingila Katolika bayan ubansu Henry na Takwas ya ɓalle daga Rum, kuma a ɗan gajeren mulkinta aka ƙone 'yan Furotesta kusan 280 da ransu. Da Mary ta rasu a 1558 ba ta bar haihuwa ba, gado ya faɗo kan ƙanwarta, wadda kowa ya san inda zuciyarta ta karkata. Filib ya nemi aurenta, ta yi ta jan sa da magana har zancen ya mutu. Duk da haka, a shekarun farko na mulkinta shi ne ya riƙa taka wa Rum birki duk lokacin da aka tashi korarta. Dalilinsa kuwa ba ɓoyayye ba ne: in aka tuɓe Elizabeth, mai jiran gado ita ce Mary Stuart ta Sikotlan, 'yar Katolika ce gaba da baya, amma ta tashi a fadar Faransa, ta kuma auri yariman da ya zama sarkinta. Wato Ingila za ta faɗa hannun Faransa, babbar kishiyar Sifaniya. Tsakanin sarauniyar da yake ganin ta bar addini da sarauniya mai addininsa amma ta gidan abokan gaba, Filib ya zaɓi ta farkon, ya kuma riƙe zaɓin nan fiye da shekara goma.

Ba na cewa imanin mutumin na ƙarya ne. Wanda ya gina fadar Escorial, rabinta gidan sarauta rabinta gidan masu ibada, ya sa ɗakin kwanansa inda zai hango wurin addu'a daga kan gado, ba a ce masa mai wasa da addini ba. Abin da nake cewa shi ne, in imani da tsaron gadon sarauta suka haɗu a ƙofa ɗaya, ya san wanda zai fara shigarwa.

Su wa takardar Fafaroma ta ci? 'Yan Katolikan Ingila. Ta iso a makare, domin tawayen da manyan arewacin ƙasar suka tayar a ƙarshen 1569 an riga an murƙushe shi, an rataye ɗaruruwan talakawan da suka bi su. Wani mai suna John Felton ya liƙa takardar a ƙofar gidan babban limamin cocin Landan, aka kama shi aka kashe. Kafin wannan, gwamnati ta fi damuwa da a gan ka a cocin hukuma ran Lahadi, abin da ke zuciyarka naka ne. Bayan takardar, kowane ɗan Katolika ya zama abin zargi, don an ba hukuma hujjar tambayarsa: in rundunar waje ta sauka da sunan Fafaroma, wane ɓangare za ka bi? Gaba kura baya sayaki. A 1581 tarar ƙin zuwa cocin hukuma ta koma fam 20 a wata, kuɗin da ma'aikaci ba ya samu a shekara. A 1585 aka yi dokar da ta mayar da zaman limamin Katolika da aka naɗa a waje cin amanar ƙasa. A birnin York an danne wata matar mahauci, Margaret Clitherow, da duwatsu har ta mutu a 1586, bisa zargin ɓoye limamai a gidanta. Kafin Elizabeth ta bar duniya an kashe limaman Katolika fiye da ɗari.

Ita kuwa sarauniya, da Turan Katolika ta rufe mata ƙofa, sai ta leƙa wajen da ba a zata ba. Ta aika wani ɗan kasuwa, William Harborne, zuwa Istanbul, kuma a 1580 Sarki Murad na Uku na Daular Usmaniyya ya ba Ingilishi izinin fatauci. A wasiƙun da suka riƙa yi wa juna, an jaddada cewa 'yan Furotesta ma ba sa ajiye gumaka a wurin ibada, dabarar da ta dace da kunnen mai karɓa. Kayan da Ingila ta riƙa kaiwa sun haɗa da kuza da dalma, abin ƙera igwa da harsashi, har da ƙarafan da aka kwaso daga tsoffin gidajen ibadar Katolika da aka rushe. Da Maroko ma haka: a 1585 aka kafa kamfanin fatauci da ƙasar, ana kai tufafi da kayan yaƙi, ana sayo sukari da gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Kada a ce Elizabeth kaɗai ce ta iya wannan lissafi. Filib, wanda jiragensa suka yaƙi Turkawa a Lepanto a 1571, shi ma ya yi sulhu da Istanbul wajen 1580, don ya sami sukunin haɗiye Fotugal.

Abin da ya kai su ga yaƙi a ƙarshe ya fi gardamar aƙida nauyi a ma'aunin sarakuna. Mutanen Holan, ƙasar da ke ƙarƙashin Filib, sun yi masa tawaye, kuma a 1585 Elizabeth ta sa hannu a yarjejeniyar Nonsuch ta tura musu sojoji. Baturen Ingila Francis Drake yana tare jiragen azurfar Sifaniya a teku, sarauniya tana karɓar kasonta. Faransa ta nutse cikin yaƙin basasarta, ba ta da sauran abin tsoro. Sannan a Fabrairun 1587 aka sare kan Mary Stuart a Ingila bisa laifin ƙulla wa Elizabeth makirci. Da mutuwarta, cin Ingila ya daina zama yi wa Faransa aiki. A lokacin ne aikin addinin da aka ajiye shekaru ya zama na gaggawa.

A 1588 jiragen Filib kusan 130 suka tashi daga Lisbon ƙarƙashin Duke na Medina Sidonia, da nufin su ɗauko rundunar Duke na Parma daga gaɓar Filandas su tsallaka da ita Ingila. Haɗuwar ba ta yiwu ba. Ingilishi suka saki jirage masu ci da wuta cikin dare a Calais, rundunar ta watse, aka gwabza a Gravelines, sauran suka zagaya ta bayan Sikotlan da Ailan inda guguwa ta yi musu ɓarnar da igwa ba ta yi ba. Fafaroma Sixtus na Biyar ya yi alkawarin ba da zinariya miliyan ɗaya in sojoji suka taka ƙasar Ingila. Ba su taka ba, bai ba da ko anini ba. Ingilishi suka ce iskar Allah ce ta yi musu faɗa. Ba su cika son tuna cewa a shekarar da ta biyo baya su ma sun tura tasu rundunar zuwa Sifaniya da Fotugal, ta komo a wulaƙance ba.

Wannan rigima ta Turawa ba ta yi mana nisa kamar yadda take a taswira ba. Abokin cinikin Elizabeth a Maroko shi ne Sarki Ahmad al-Mansur, wanda ya hau gado bayan yaƙin Wadil Makhazin na 1578, inda Sarkin Fotugal Sebastian ya mutu. Shi ne ya turo Judar Basha da 'yan bindiga suka keto Sahara, a 1591 suka karya Songhai, daula Musulma kamar tasa, a Tondibi, don zinariya da gishiri. Daga baya aka kwashi malaman Tumbuktu, har da Ahmad Baba, aka kai Marrakesh a ɗaure. Al-Mansur har ya rubuto wa Kanta Dawud na Kabi wasiƙa yana gargaɗinsa kan ɗaure wa 'yan Songhai gindi. Mai kiran kansa halifa ya ci 'yan'uwansa Musulmi da yaƙi, a 1600 kuma ya aika jakada Landan wurin sarauniya Kirista, yana neman su haɗa ƙarfi kan Sifaniya. Duk wanda ke jin wata ƙasar waje mai addininsa za ta tsaya masa saboda addinin kawai, ya dubi waɗannan sarakuna uku; kowannensu yana da ibadarsa, kowannensu kuma yana da littafin lissafinsa daban.

Filib ya rasu a 1598, Elizabeth da al-Mansur duka a 1603. Gadon Ingila ya koma hannun James, ɗan Mary Stuart ɗin nan da aka sare, amma shi ɗan Furotesta ne. A 1604 wakilan Sifaniya suka zo Landan aka zauna sulhu. Suka sami abin da suka zo nema: Ingila ta daina fashin jiragensu, ta kuma janye hannu daga taimakon tawayen Holan a hukumance. 'Yan Katolikan Ingila, waɗanda aka ce dominsu aka taso da jirage 130, sun sa ran za a sa 'yancin ibadarsu cikin sharuɗɗan. Ba a sa ba. Shekara guda bayan haka wasu daga cikinsu da suka yanke ƙauna suka jibge gangunan albarushi a ƙarƙashin majalisar dokoki, cikinsu har da Guy Fawkes, tsohon sojan Sifaniya a Filandas. Aka kama su, aka ƙara tsananta dokoki kan sauran da ba su ji ba ba su gani ba. Sai a 1829 aka ba ɗan Katolika damar zama a majalisar.