Mulkin da aka ba Adamu ba na gatari ba ne

Lokacin sassabe, wani ɗan'uwa a cikin bi, wanda ya girme ni, ya kai ni gonarsa a gefen Mai Yara. Ya share ta ƙal, ko kututturen sabara bai bari ba. Na ce, "Yaya, ina inuwar da za a sha fura?" Ya yi dariya, ya ce ai Farawa 1:28 ta ba mutum mulkin duniya, shi kuwa mulkinsa ya yi.

Ni malamin makaranta ne, ba fasto ba. Amma abin da nake hana yara a aji shi ne su karanta layi ɗaya su rufe littafi. Ayar tana nan, ban musa ba. Sai dai a leƙa Farawa 2:15: aiki biyu aka ba Adamu a gona, noma da tsaro. Kalmar tsaron a Ibrananci, shamar, ita ce ta fito daga bakin Kayinu a Farawa 4:9 sa'ad da ya ƙi ɗaukar nauyin ƙanensa. Ita ce kuma a Littafin Ƙidaya 6:24, inda ake roƙon Ubangiji ya kiyaye jama'arsa. Wato yadda muke so Allah ya riƙe mu, haka aka ce mu riƙe gona. Ko a fagen yaƙi, Maimaitawar Shari'a 20:19 ta hana sare itatuwa masu 'ya'ya. To, wa ya halatta mana a lokacin zaman lafiya?

Mu mutanen jihar Maradi mun ga amsar da idonmu. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya gaji da dashen da ke mutuwa, sai ya lura kututturan da ake ƙonewa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. A bar 'yan rassa, a rage sauran, itace ya tashi. Manoma, yawancinsu Musulmi, suka rungumi sassaben zamani, har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5 na Nijar.

Yayana ya ce inuwa na danne hatsi, tsuntsaye kuma na samun masauki. Da gaskiyarsa, shi ya sa ake rage rassa. Amma gawo da damina yake zubar da ganye, ya ba gero rana da taki. Gonar da ba kalgo ba sabara kuwa, a wannan yanki na Dakoro, iskar farkon damina kan binne shukarta da rairayi, a sake neman iri.

Roƙona ga masu wa'azinmu: in za ku karanta sura ta 1, ku haɗa da ta 2. Yayana dai ya yi alkawarin barin kututture goma baɗi. Zan je in ƙirga.