Mu Koya wa Matasanmu Lissafin Kuɗi



A kowace Lahadi muna koya wa 'ya'yanmu ba da baiko da zakka, kuma hakan daidai ne. Amma ƙalilan ne cikinmu suke zaunar da matashi su nuna masa yadda zai riƙe abin da ya rage a hannunsa. Wasu dattawa suna ganin zancen kuɗi abin duniya ne, bai dace da majami'a ba. Mu kuwa muna ganin shirunmu ne yake miƙa yaranmu ga macuta.

Mu tuna da MMM. Ta yi wa mutane alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata guda, sannan a Disambar 2016 ta rufe asusun jama'a. A Afrilun 2025 kuma CBEX ta ruguje da kuɗin mutane. Wanda ya iya lissafi zai tambaya: wace sana'a ce take haifar da irin wannan riba? Babu. Kuɗin na baya ake ba na gaba, ranar da sababbi suka daina shigowa sai asiri ya tonu.

Haka bashin da ake ci ta waya. Matashi ya karɓi naira 50,000 da ruwa kashi 20 a wata, yana ganin kaɗan ne. Naira 10,000 ke nan kowane wata, wato 120,000 a shekara, uwar kuɗi kuma tana nan ba ta ragu ba. Littafin 2 Sarakuna sura 4 ya ba da labarin gwauruwar da mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Mijinta kuwa mai tsoron Allah ne, duk da haka ya bar gidansa cikin bashi.

A ƙauyukanmu matsalar ta fi fitowa da kaka. Kirsimeti yana zuwa daidai lokacin da hatsi yake araha, sai saurayi ya sayar da masara ya yi ɗinki, ya sauya waya. Da damina ta yi nisa sai ya koma kasuwa ya sayi hatsin da tsada, ko ya ci bashin taki. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, irin wannan kuskure ya ƙara zafi.

Shawararmu ita ce kowace ikkilisiya ta keɓe yamma ɗaya a wata a Zumuntar Matasa. A koyar da abu uku: rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, lissafin ruwan bashi, da yin ajiya kafin a fara kashewa. A faɗa musu gaskiya game da cacar ƙwallo. Malamai kuwa muna da su: ma'ajin ikkilisiya, iyayenmu na Zumuntar Mata da suka daɗe suna riƙe adashi da amana, da manomin da rumbunsa yake kai shi sabuwar kaka.

Dattawa, a sa wannan magana cikin taron majalisa mai zuwa, tun kafin amfanin gona ya shigo gida. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.