Guntun Gatarinka: Lissafin Cajin Waya a Gida a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

A ƙarshen watan Oktoban 2024, yawancin jihohin Arewa sun kwashe kusan kwana 10 cikin duhu. An lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da aka koma dogaro da shi, wanda ya taso daga Ugwuaji a jihar Enugu zuwa Apir a jihar Binuwai, shi ma ya samu matsala. A manyan birane, kukan asibitoci da masana'antu aka fi ji. A garuruwa irin su Ikara da Maƙarfi da Hunƙuyi kuwa, inda ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce, nauyin ya sauka ne a kan teburin mai cajin waya, wanda ɗan janaretansa ke shan fetur ɗin da a lokacin ya haura naira 1,000 kowace lita, bayan kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 farashinsa na hukuma bai kai naira 200 ba.

Wayar hannu a wannan yanki ta daɗe da wuce abin gaisuwa. Da ita manomin tumatir a Kudan ke jin farashin kwando a kasuwar Mile 12 ta Legas kafin ya yi lodi. Da ita dillalin rake a Maƙarfi ke neman mota, da ita ɗalibar kwalejin koyon aikin lafiya ta Shehu Idris ke karɓar darasi. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, ita ce kuma bankin mai shago da mai ƙosai. Idan ta mutu da azahar, ciniki ya tsaya.

Saboda haka gidan da ke da wayoyi biyar ko shida ya cancanci wurin cajinsa na kansa. Abin da ke hana mutane da yawa shi ne zaton cewa sola sai mai miliyoyi. Wannan zato ya samo asali ne daga yadda ake sayar da ita: ana fara lissafi daga kayan da ke cikin shago, alhali daga buƙatar gida ya kamata a fara.

Nawa waya ke ci?

Awon da ya dace a riƙe shi ne wat-awa, wato ƙarfin wat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Wat-awa 1,000 shi ne yunit ɗaya na mitar lantarki. Batirin babbar waya da aka rubuta wa 5,000mAh yana ɗaukar kimanin wat-awa 19, idan aka haɗa da abin da ke salwanta a matsayin zafi wajen caji, a ce 25. Ƙaramar waya mai madannai ba ta wuce 5 ba.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, mafi tsada a ƙasar, zuwa naira 225 kowane yunit. Ko da wannan farashi, wutar da ke cika babbar waya ba ta kai ta naira 6 ba. A ɗauka mai caji na karɓar naira 100 kan kowace waya. Gida mai wayoyi 6 zai riƙa biyan naira 600 kullum, naira 219,000 ke nan a shekara, a kan wutar da ainihin kuɗinta bai kai naira 40 a yini ba. Mai cajin bai yi zalunci ba, domin shi ke sayen fetur da baƙin mai, shi ke biyan haya, shi ke biyan wayar da ta ɓata a hannunsa. Ratar da ke tsakanin naira 6 da naira 100 ita ce harajin da talaka ke biya saboda rashin wuta, kuma ba ya jin zafinsa ne kawai domin da kaɗan-kaɗan ake karɓa.

Ga lissafin matsakaicin gida: manyan wayoyi 6, wat-awa 150, ƙanana 3, wat-awa 15, tocila da rediyo masu caji, kimanin 20, ƙwayayen fitila 3 masu wat 5 na tsawon awa 5, wat-awa 75. Jimla 260 a yini. Ƙasar Zazzau na samun abin da ya kai awa 5 na cikakkiyar rana a matsakaicin yini. Farantin sola mai wat 100, bayan an cire kusan kashi 30 cikin ɗari na asarar zafi da ƙura da wayoyin haɗi, zai ba da kimanin wat-awa 350. Faranti ɗaya ya ɗauke gidan, har da 'yar rara. Wanda ke son ƙara kwamfutar tafi-da-gidanka ko fanka mai aiki da batir, ko yake tsoron markar Agusta lokacin da hadari ke iya rage samun zuwa rabi, sai ya nemi mai wat 150.

Na'urar da ba a buƙata

Kaya huɗu ne ginshiƙin wannan tsari: faranti, batir mai bolt 12, kwanturola mai daidaita wutar da ke shiga batir, da fis. Sai soket-soket na USB irin na cajar mota, waɗanda ke sauke bolt 12 zuwa bolt 5 ɗin da waya ke sha. Inbata ba ta cikin jerin, kuma a nan ne mai saye da mai sayarwa suka fi saɓawa.

Wutar da faranti ke samarwa da wadda batir ke ajiyewa da wadda waya ke sha duk iri ɗaya ce, mai gudana ta fuska guda. Wutar Nepa, kamar yadda har yau ake kiranta, ita ce mai kai-komo. Aikin inbata shi ne ta juya wutar batir ta koma irin ta Nepa mai bolt 230, sannan kan cajar waya ya sake juya ta ta dawo yadda take tun farko. Kamar mutumin Hunƙuyi ne ya ce sai ya bi ta Kano kafin ya shiga Zariya. A kowane juyi ana asarar wani kaso, kuma inbata ko ba a jona mata komai ba tana shan nata. Wadda ke shan wat 10 a zaune, idan aka bar ta a kunne dare da rana, ta cinye wat-awa 240, fiye da abin da wayoyin gidan gaba ɗaya suka sha.

Akwai illa ta biyu, wadda ta ɗabi'a ce. Da zarar an ga soket irin na bango, wani zai jona dutsen guga, wani hita. Dutsen guga mai wat 1,000 zai lashe abin da farantin ya tara a yini guda cikin minti 20. Soket ɗin USB kuwa ba ya karɓar abin da ya fi ƙarfinsa, shi da kansa yake tsare batirin. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Inda ya kamata kuɗi su tafi

Farashin farantin sola a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, kuma faranti mai kyau na haura shekara 20 yana aiki. Batir ne ke mutuwa, don haka shi ya kamata ya ci mafi yawan kuɗin.

Batirin mota, wanda mutane ke fara kai hannu gare shi saboda sauƙin samu, an ƙera shi ne ya ba da wuta mai yawa na daƙiƙu kaɗan don tayar da inji. Idan ana zuƙe shi kowane dare, watanni kaɗan zai yi. Batirin dalma da aka yi musamman don sola ya fi shi juriya, da sharaɗin kada a sha fiye da rabinsa: mai lamba 50Ah yana ɗauke da kimanin wat-awa 600, amma 300 ne na amfani. Zafi ma abokin gabarsa ne, domin duk ƙarin digiri 10 a kan 25 na rage rayuwarsa da kusan rabi, kuma kowa ya san yadda ɗakin kwano ke zama a watan Afrilu. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 ya fi tsada a ranar saye, sai dai ana iya shan kashi 80 cikin ɗari nasa, kuma yana jure caji da saukewa fiye da sau 2,000, inda na dalma ke gajiya a 'yan ɗaruruwa. Mai lamba 30Ah ya ishi gidan da aka yi wa lissafi a sama. Idan aka raba kuɗin kowanne da shekarun da zai yi, sau da yawa mai tsadar ne mai araha.

A kasuwa, ko a Sabon Garin Zariya ko a Kano, rubutun jikin kaya ba shaida ba ne. Akwai gwaji biyu da ba sa buƙatar na'ura. Na farko faɗi: rana mafi ƙarfi na zuba kimanin wat 1,000 a kan murabba'in mita ɗaya, faranti mai kyau kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar yake kamawa. Faranti mai wat 100 na gaskiya ya kai rabin murabba'in mita, wanda kuwa bai fi faifan tuwo biyu ba aka rubuta masa wat 200, rubutun ƙarya ne. Na biyu nauyi: batirin dalma mai lamba 100Ah na kaiwa kusan kilo 30. Wanda yaro zai ɗaga da hannu ɗaya, an rage masa dalma. Araha ba ta ado.

Haɗawa da kulawa

Kwanturola mai amfiya 10 ta ishi faranti mai wat 100, amma a tabbata tana da saitin irin batirin da aka saya. Batir ake fara haɗa mata kafin faranti, wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa. Fis ɗin, wanda shi ne mafi araha a cikin kayan kuma shi aka fi mantawa da shi, a sa shi dab da kan batir mai alamar tarawa. Bolt 12 ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi, amma idan wayoyin haɗi biyu suka gogi juna, batir na iya turo ɗaruruwan amfiya a take, wayar ta yi ja, ta kama katifa ko labule. A yi amfani da waya mai kauri, lamba 2.5 ko 4, kuma a taƙaita tsawonta.

Farantin ya fuskanci kudu, a ɗan kishingiɗa shi da digiri 10 zuwa 15, a bar sarari tsakaninsa da kwano don iska ta ratsa. Inuwar reshen darbejiya ɗaya a gefensa na iya karya ƙarfinsa gaba ɗaya, domin ƙwayoyinsa a jere suke kamar sarƙa. Da hunturu, ƙura ce ɓarauniyar: a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma da sassafe kafin ya yi zafi. Batirin dalma mai ruwa na fitar da iska mai kama wuta, don haka ba a ajiye shi a rufaffen ɗakin kwana. Idan ya mutu, a mayar wa masu sayen tsofaffi, kada a bari yara su fasa shi. Dalmar da ke cikinsa ita ce gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya na Zamfara a 2010.

Wurin da aka kafa soket ɗin ma yana da nasa hukunci. Magidanci na fita da wayarsa, ya yi caji a ofis ko a kasuwa. Matan gida ne ke ba yaro waya ya kai rumfar caji, ta wuni a hannun da ba su gani, da layin da ke ɗaure da asusun banki da hotuna da saƙonnin da ke cikinta. Su suka fi kowa buƙatar wannan wuri. Idan aka kulle shi a turakar maigida, an koma gidan jiya. Idan aka sa shi a ɗakin uwargida ko na amarya, an sayo rigima da kuɗi. Rumfar tsakar gida, a kan kanta mai tsayin da ƙananan yara ba sa kaiwa, ita ce ta kowa.

Abin da za a iya cewa

Wani zai ce kuɗin a dunƙule ne matsalar, tunda mai biyan naira 600 kullum ba lallai ya iya tara na faranti da batir a rana ɗaya ba. Gaskiya ne. Kamfanoni irin su Sun King da d.light na sayar da ƙananan na'urori da biya kaɗan-kaɗan, kuma suna da amfani ga wanda ba ya son wahalar haɗawa, muddin ya tara jimlar abin da zai biya ya kwatanta da farashin kuɗi hannu kafin ya sa hannu. Adashi ma hanya ce, kuma tsarin na karɓar gini daki-daki: faranti da kwanturola da ƙaramin batir a bana, babban batir bayan an sayar da amfanin gona.

Wani kuma zai ce wannan sauke wa hukuma nauyi ne. Kamfanin Kaduna Electric ya karɓi rarraba wuta a jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara tun 2014, kuma tsarin rukuni-rukuni ya yi wa rukunin A alƙawarin awa 20 a yini, na ƙarshe kuwa awa 4 kacal. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Babu faranti mai wat 100 da zai juya injin niƙa, ko ya sanyaya tumatirin da ke ruɓewa a gonakin Ikara, ko ya tayar da masana'anta. Waɗannan haƙƙoƙi ne da dole a ci gaba da nemansu da babbar murya. Sai dai neman haƙƙin ma, a yau, da waya mai caji ake yin sa.

Rumfar mai caji ba za ta mutu ba, domin matafiyi da ɗan kasuwar da ya zo cin kasuwa za su ci gaba da buƙatarta, kuma shi kansa mai rumfar riba zai ƙara idan ya sauya janareta da faranti. Amma gidan da ke da malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ko akawu, wanda ya iya ninka 25 sau 6, ba shi da dalilin ci gaba da aika wayoyinsa yawo kowace safiya. Kafin a je shago, a zauna da takarda da biro a ƙirga abin da gidan ke ci, sannan a sayi daidai shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.