Waiwaye: Kwalbar Hamburg da Huhun da Ke Yoyon Iska

A shekarar 1875, a birnin Hamburg na Jamus, likita Gotthard Bülau ya zura bututu cikin ƙirjin mai fama da tarin mugunya, ya nutsa ɗaya bakin a kwalbar ruwa. Abin da ke ciki ya samu hanyar fita, iskar waje kuma ruwa ya tare ta. Da wannan dabarar ake ceton wanda huhunsa ya huje har yau. Idan iska ta tsere ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji, sai ta danne huhun ya yamutse. Galibi da an sa bututu, ramin kan toshe da kansa. Amma akwai wanda zai wuce kwana 5, har 7, kwalba na ta kumfa, alamar huhu bai daina yoyon iska ba: wanda aka yanke wa sashen huhu, wanda taba ta rarake wa huhu, da mai tarin fuka, cutar da ba baƙuwa ba ce a wajenmu.

Da, irin wannan majinyaci sai dai a koma da shi ɗakin tiyata, alhali sau da yawa jikinsa ba zai ɗauka ba. Sauƙi ya fara zuwa a 1966, da Shigeto Ikeda na Japan ya fito da na'urar leƙen huhu mai lanƙwasa, wadda ke bin maƙogwaro ta shiga ƙananan rassa. A 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ɗan bawul na kamfanin Spiration, wanda ake dasawa a reshen da ke kai iska wajen ramin. Yana hana iska shiga, yana barin majina ta fito, bayan kamar mako 6 a cire shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake gano reshen. Likita zai hura ɗan balan-balan ya toshe reshe guda, sannan ya juyo ya zuba wa kwalba ido. Kumfa ta ci gaba? Ya saki, ya gwada na gaba. Inda ta tsaya ko ta ragu sosai, nan ɓarakar take, kamar yadda mai faci ke tsoma tuf a ruwa. Ashe bawul mai tsada bai san inda zai zauna ba sai kwalbar Bülau ta nuna masa. Shi ya sa nake ganin kuskure ne asibiti ya zauna jiran sabuwar na'ura yana sakaci da abin da ke hannunsa.

Kuma na hannun ba kaɗan ba ne. Akwai ɗan bawul ɗin likita Henry Heimlich, wanda ya ceci sojoji a yaƙin Biyetnam. Ana maƙala shi a bakin bututu, majinyaci ya iya tashi ya yi tafiya. Akwai kuma ɗibar jinin majinyacin kansa, mililita 50 zuwa 100, a tura ta bututun ya daskare a kan ramin. Sirinji da tsafta da gwanin hannu kawai ake bukata.

Masu jinya su ma da rawar da za su taka. Kwalba ta zauna ƙasa da ƙirji, kada a ɗora ta kan gado. Muddin tana kumfa, kada a matse bututun ko a lanƙwashe shi, ko da za a gangara da majinyaci ɗaukar hoto, domin iskar da ta rasa mafita tana iya danne zuciya cikin ɗan lokaci.